Me ya sa ƙ da ɗ suke koma akwati a kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa kai takardar Hausa a buga masa a siber, a Maraɗi ko a Damagaram, ya san abin: rubutu lafiya lau a gida, da an buɗe shi a wata kwamfuta sai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su koma ƙananan akwatuna. Wasu sakatarori sukan share su, su sa harafi maras lanƙwasa, ƙasa ta zama kasa, ma'ana ta tafi.

Ba cuta ce ta kama kwamfutar ba. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ kuma 01B4. Lambar ce takarda take ɗauke da ita, zanen harafin kuwa yana cikin salon rubutu, wanda Word na faransanci ke kira police (ba ruwansa da ƴan sanda). In salon da kuka zaɓa ba shi da zanen, kwamfuta ta aro daga wani salo, shi ya sa wani lokaci ƙ takan fito ta fi maƙwabtanta ƙiba. In ta rasa wurin aro, sai akwati.

Maganin shi ne salon da ya san haruffanmu. Noto Sans na Google da Charis SIL da Andika duk kyauta ne kuma suna da su. Kafin ku kai takarda waje, ku mai da ita PDF, don zanen ya tafi tare da ita. Tsofaffin takardun da aka rubuta da salo na musamman kafin Unicode ya yaɗu su ne masu wuya: can wani harafi aka yi wa kwaskwarima ya yi kama da ƙ, dole a bi a sauya su.

Dishi-dishin rubutu a allo kuma daban ne. Allo ɗige-ɗige ne, kuma kowane ɗigo ja ne da kore da shuɗi a jere. Windows tana amfani da dabarar ClearType ta shafe gefen haruffa da waɗannan launuka don kada su yi kamar haƙorin zarto. In saitin bai dace da allonku ba, za ku ga inuwar launi a jikin haruffa. Ku rubuta ClearType a wurin nema, ku buɗe "Ajuster le texte ClearType", ku riƙa zaɓen rubutun da ya fi fitowa a idonku. Ku duba kuma cewa girman allon yana kan wanda aka rubuta wa "recommandé". Mai tsohuwar wayar VGA, mai shuɗin kai, ya danna maɓallin Auto a jikin allon tukuna, sau da yawa nan matsalar take.