Lalacewar Gaɓar Ƙafar Mota da Batun Kiranye: Matsayin Tsofaffin Motocin Mai'adua

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa Mai'adua, wadda take arewa da birnin Daura dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, gari ne da kasuwa ta raya shi. Kowace ranar Lahadi motoci sukan ɗunguma zuwa can daga Daura da Katsina da Kano, da kuma ƙasar Damagaram ta hanyar Kwangwalam, wasu ɗauke da tumaki da awaki, wasu da buhunan hatsi, wasu kuwa da fatake a cunkushe. Mafi yawan ƙananan motocin nan ba a ƙasar Hausa aka fara hawansu ba. Sun ƙare ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka ko Japan, kana suka iso nan da tsufansu, shi ya sa ake ce musu 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Wannan maƙala za ta dubi wani ɗan ƙarfe guda ɗaya a ƙafar gaba ta irin waɗannan motoci, wanda makanikai suke kira boljoyin, ta bayyana aikinsa da dalilin mutuwarsa, sannan ta auna ko alkawarin da kamfanonin ƙera motoci suke yi na gyara shi kyauta yana isowa ga mai mota a Mai'adua.

Mene ne boljoyin?

Kalmar ta aro ce daga Ingilishi, ma'anarta kuwa gaɓa mai ƙwallo. Wanda ya taɓa kallon mahauci yana raba cinyar rago da ƙugu ya riga ya ga siffar abin: kan ƙashi mulmulalle yana zaune cikin ɗan gurbi, yana juyawa duk inda aka so ba tare da ya fita ba. Haka boljoyin yake. Ƙwallo ne na ƙarfe mai ɗan wuya, a zaune cikin kofi na ƙarfe, an cika tsakaninsu da giris, an kuma rufe bakin da roba. Kofin yana manne da hannun da ya fito daga jikin mota, wuyan ƙwallon kuwa an ɗaure shi da noti a jikin ƙarfen da yake riƙe da taya. Ta haka ne tayar gaba take iya yin abu biyu a lokaci guda, watau ta hau ta sauka bisa gargadar hanya, ta kuma karkata dama ko hagu idan direba ya murɗa sitiyari.

Ba duk boljoyin ne suke shan wahala iri ɗaya ba. A ƙananan motoci irin su Golf da Peugeot 504, nauyin mota yana sauka ne a kan doguwar shokabzoba da sifirin ɗinta, saboda haka boljoyin na ƙasa jagora kawai yake yi wa taya. A akori-kura da manyan motoci masu hannu biyu, sama da ƙasa, ɗaya daga cikin gaɓoɓin biyu shi ne yake ɗauke da nauyin gaban mota dare da rana. A wasu samfurori ma, kamar tsofaffin Tacoma da Tundra na kamfanin Toyota, an tsara abin ta yadda nauyin jan ƙwallon yake yi daga cikin kofinsa. Irin wannan in ya ci, ba ya jira: ƙwallon yakan fice, taya ta kwanta ƙarƙashin mota, wani lokaci ta tsinke tiyon birki, gaban mota ya daki ƙasa. Direba yana riƙe da sitiyari amma ba shi da iko da komai.

Abin da yake kashe shi

Babban maƙiyin boljoyin ba ƙarfi ba ne, ƙura ce. Muddin robar nan tana nan lafiya giris yana ciki, ƙarfen yakan yi shekaru yana aiki. To amma zafin bazara da bushewar hunturu sukan tsattsage roba, da zarar ta tsage kuwa giris ya zube, rairayi ya shiga. Ƙasar Daura ƙasa ce mai jigawa, kuma rairayin da ya cakuɗu da sauran giris yakan koma tamkar dutsen niƙa, yana cin ƙwallon da kofin duk lokacin da taya ta motsa. Damina kuma ta kawo ruwa, ruwa ya kawo tsatsa. Daɗin daɗawa ga lodi: motar da aka ƙera domin mutum biyar ita ce take ɗaukar tara da kayansu ranar kasuwa, ta bar kwalta ta bi hanyar ƙauye mai ramuka.

Duk da haka, ba kasafai yake mutuwa ba tare da ya yi kuka ba. Da farko a ji ƙwanƙwasa daga ƙasan gaban mota in an taka gargada, ko ƙara irin ta tsohuwar ƙofa in ana juya sitiyari. Daga nan mota ta fara yawo a kan hanya, sitiyari ya yi nauyi ko ya yi sako-sako, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya. Direban haya ya san duk waɗannan alamu sarai. Abin da yakan hana shi tsayawa shi ne kuɗin da zai kai wa mai mota da yamma.

Kiranye

Akwai kuma wata mutuwar da ba ruwanta da ƙura ko lodi, wadda tun daga masana'anta aka haifi ƙarfen da ita. A nan ne batun kiranye ya shigo. Asalin kalmar a wurin Bahaushe asiri ne da ake yi domin a jawo wanda ya yi nisa ya dawo gida ko yana so ko ba ya so, daga baya 'yan siyasa suka are ta ga wakilin da jama'arsa suke son su maido. Ta dace da abin da kamfanin mota yake yi in ya gano aibi mai haɗari a motocin da ya riga ya sayar: ya rubuta wa masu su takarda, ya ce su kawo a canja abin ba tare da sun biya ko kwabo ba.

Boljoyin ya sha jawo irin wannan kira a Amurka. A watan Disamba na 2004 kamfanin Chrysler ya kira kimanin motoci 600,000 samfurin Dodge Durango da Dakota na shekarun 2000 zuwa 2003, saboda ruwa yana shiga gaɓar sama yana sa ta tsatsa har ta rabu. A watan Mayu na 2005 kamfanin Toyota ya kira kimanin 775,000, waɗanda suka haɗa da Tacoma na 2001 zuwa 2004, da 4Runner na 2001 zuwa 2002, da Tundra da Sequoia na 2002 zuwa 2004. Dalilin kuwa ɗan ƙarami ne ƙwarai: an kuskure an ƙarje fuskar ƙwallon gaɓar ƙasa wajen ƙira, ƙarjin nan kuma shi ne yake hanzarta cinyewa. A 2006 aka kira Jeep Liberty fiye da 800,000, a watan Janairu na 2007 kuma Toyota ya sake kiran Tundra da Sequoia kimanin 533,000, duk a kan gaɓar ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka alheri ne kawai na kamfani. Doka ce ta tilasta. Tun 1966 Amurka ta kafa dokar kiyaye lafiyar motoci, a 1974 aka ƙara mata sharaɗin cewa gyaran ya zama kyauta. Sai dai an yi wa kyautar wa'adi. Da farko shekara 8 ne daga ranar da mutum na farko ya sayi motar. A 2000, bayan haɗurran tayoyin Firestone, aka mayar da shi 10, a 2015 kuma aka kai shi 15. Ana ƙirga wa'adin ne zuwa ranar da aka sanar da aibin, saboda haka kiranyen da aka riga aka yi ba ya ruɓewa, yana bin motar ko ta sauya hannu sau goma. Amma motar da aka saya a 2004, in sai bayan 2019 aka gano mata sabon aibi, doka ba ta tilasta wa kowa ya gyara ta kyauta ba. Haka kuma kiranye yana rufe motocin da aka ƙera tsakanin wasu ranaku ne kawai, sau ɗaya kuma ake canja abin. In sabon da aka sa ya tsufa ya cinye, wannan lalurar mai mota ce.

Inda kiran yake tsayawa

Kiranye yana tafiya ne da ƙafa uku: a san sunan mai mota da adireshinsa daga rajistar hukuma, a sami dillalin kamfani kusa da shi, a kuma sami hukumar da za ta matsa wa kamfanin lamba. A Jamus ma hukumar rajistar motoci takan iya hana motar hawa titi in mai ita ya ƙi amsa kira mai haɗari. Duk ƙafafun nan uku suna karyewa ne ranar da aka loda motar a jirgin ruwa. Takardar kira za ta je gidan wani a Texas wanda ya rabu da motar tuntuni, alhali ita tana faman jigilar gero tsakanin Mai'adua da Daura.

Ba haka al'amarin yake tun farko ba. Lokacin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, mai ƙira da mai saye ƙasarsu ɗaya, akwai kuma dillalin da ake iya komawa wurinsa. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ita ce ta fitar da sabuwar mota daga hannun talaka, ta buɗe ƙofar 'yan Kwatano, waɗanda da yawansu ta cikin Nijar suke zagayowa kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka nufo. Nijeriya tana da dokar kare masu saye ta 2018, amma hannunta ya fi kaiwa ga wanda ya sayar da kaya a cikin ƙasa. Motar da ta bi hannun dillalai biyar kafin ta iso, da wuya a sami wanda za a riƙe.

Ashe kenan gyaran kyauta ba ya ƙetare teku. Abin da yake ƙetarewa shi ne labarin, kuma labarin yana da amfani ko ba kyauta. Tun 1981 kowace motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba. Daga 2014 hukumar kiyaye haɗurran motoci ta ƙasar ta ba kowa damar ya shigar da lambar ta intanet ya ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. Mai shirin sayen tsohuwar Tundra a Kano ko Katsina, in ya ga an kira ta ba a gyara ba, ya san abin da zai fara canjawa, ya kuma sami hujjar rage ciniki.

Abin da ya rage a hannun makaniki

Gwajin boljoyin ba ya bukatar na'ura. A ɗaga gaban mota da jak har nauyi ya sauka daga kan gaɓar. In sifirin yana zaune bisa hannun ƙasa, to ƙarƙashin hannun ake sa jak, don in an sa a jikin mota sifirin zai matse gaɓar ya ɓoye wasan da take yi. Sannan a kama taya sama da ƙasa a girgiza, wani kuma ya leƙa ya ga inda motsin yake fitowa, domin boris ɗin taya ma yakan yi irin wannan wasa. In wasan dama da hagu ne, an fi zargin tayarod. A ƙarshe a zura ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga, a duba robar ko ta tsage.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen magani. Wasu makanikai, don tausayin aljihun direba, sukan doddoke bakin kofin da guduma ya matse ƙwallon, ko su cusa roba a ciki, ko su ɗiga walda. Ƙwanƙwasar takan yi shiru, amma ƙarfen da ya cinye bai dawo ba, zafin walda kuma yana ƙona abin da ƙwallon yake zaune a kai, yana raunana ƙarfen. An kashe ƙararrawa ne an bar ɓarawo a gida. Gaɓar da ta yi wasa fiye da kima canja ta ake yi, an fi so kuma a canja ta dama da ta hagu tare, tun da shekarunsu ɗaya, hanyarsu ɗaya. Tsohuwar da aka ciro daga wata 'yar Beljiyam na iya zama daga cikin waɗanda aka kira tun 2005, saboda haka ba kowace ta asali ce abin dogaro ba. Bayan an ɗaure notin a sa masa filinsa na ainihi maimakon lanƙwasasshiyar ƙusa, kana a kai motar a saita ƙafafunta kafin ta koma layi a tasha.