Tsirkiyar Da Ba A Taɓa Jin Amonta Ba

A watan Disamba na 2015, masana fiziks da masana falsafa sun taru a birnin Munik na ƙasar Jamus a kan tambaya ɗaya: ya halatta a yarda da nazariyyar kimiyya alhali ba a taɓa gwada ta ba? Shekara guda kafin nan, George Ellis da Joe Silk sun yi rubutu a mujallar Nature suna gargaɗin cewa mutuncin fiziks na cikin haɗari idan aka sassauta sharaɗin gwaji. David Gross, wanda ya ci kyautar Nobel a 2004, ya halarci taron domin kare wadda ake tuhuma, wato nazariyyar tsirkiya.

Asalin rikicin tsoho ne. Fiziks na zamani yana tsaye a kan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne bayanin da Albert Einstein ya kammala a 1915 kan ƙarfin jawowa, wanda ke riƙe da mu a doron ƙasa yake kuma juya duniyoyi kewaye da rana. Na biyu shi ne ilimin kwantam, mai bayanin halayyar ƙwayar zarra da abin da ya fi ta ƙanƙanta. Kowannensu ya ci duk jarrabawar da aka yi masa. Amma a tsakiyar baƙin rami na sararin samaniya, ko a farkon faɗaɗar sararin, inda dole a yi aiki da su tare, sai lissafin ya watse, ya riƙa ba da amsoshi marasa iyaka.

Nazariyyar tsirkiya ta ce tushen kowane abu ba ɗigo ba ne, wani siririn zare ne mai karkarwa. Makaɗin gurmi yakan fitar da amo iri-iri daga tsirkiya ɗaya. Haka nan, in ji nazariyyar, karkarwa iri kaza ita ce ilektiron, wata kuma ƙwayar haske. Ba don haɗa kan fiziks aka ƙirƙiro ta ba. Gabriele Veneziano ne ya rubuta lissafin farko a 1968 yana neman fahimtar ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra. A 1974 John Schwarz da Joël Scherk suka lura cewa ɗaya daga cikin karkarwar tana da daidai siffar ƙwayar da ya kamata ta ɗauki ƙarfin jawowa. Ba wanda ya cusa ta ciki, da kanta ta ɓullo. Wannan shi ne tushen yaƙinin masu goyon bayanta har gobe, kuma duk wanda ya raina shi bai yi adalci ba.

A 1984 Schwarz da Michael Green suka warware wani ƙulli na lissafi, sai matasan masana suka yi tururuwa zuwa fagen. A 1995 Edward Witten ya nuna cewa nau'o'i biyar na nazariyyar reshe ne na abu guda. Shekara ɗaya bayan haka Andrew Strominger da Cumrun Vafa suka yi amfani da ita suka fitar da adadin da Jacob Bekenstein da Stephen Hawking suka samu tun shekarun 1970 game da baƙin rami, ta wata hanya dabam ɗungurungum. Labarin da ya fi burge ni kuwa na 1991 ne. Philip Candelas da abokan aikinsa sun yi amfani da nazariyyar suka ƙirga wasu lanƙwasassun layuka a kan wata siffa ta lissafi suka samu 317,206,375. Wasu masana lissafi biyu daga Norwe sun samu wata lamba dabam da kwamfuta. Da aka sake dubawa, kuskuren yana cikin manhajar kwamfutar ne, masu tsirkiya ke da gaskiya.

To, ina matsalar? Gani ya kori ji, kuma har yau ba a ga komai ba. Ana hasashen tsirkiyar ta kai ƙanƙantar da sai an rubuta sifili 34 bayan ɗigo kafin a kai ga lambar farko ta awonta a mita. Na'urar karo ta cibiyar CERN da ke iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27, wadda ta gano ƙwayar Higgs a 2012, ƙarfinta bai ko kama ƙafar abin da ake buƙata ba. An sa rai za ta gano wasu sababbin ƙwayoyi 'yan tagwaye da za su ƙarfafa wa nazariyyar gwiwa. Shiru kake ji.

Akwai wadda ta fi wannan ciwo. Lissafin ba ya daidaita sai da fuskoki goma, alhali mu huɗu muka sani: tsawo, faɗi, tsayi da lokaci. Sauran shidan sai a ce a nannaɗe suke, sun yi ƙanƙantar da ba a iya ganinsu. Amma hanyoyin nannaɗe su suna da yawan da ake kwatantawa da lamba 1 mai sifili 500 a bayanta, kowace hanya da irin duniyar da take haifarwa. Leonard Susskind ya rungumi wannan, ya ce wataƙila duk duniyoyin suna nan, mu kuma muna cikin wadda rayuwa ke yiwuwa. Peter Woit da Lee Smolin, a littattafansu na 2006, suka ce nazariyyar da ta yarda da kowace amsa ba ta faɗi komai ba. Smolin ya ƙara da kokawa kan yadda guraben aiki a jami'o'in Amurka suka karkata gare ta, har masu bin wasu hanyoyi suka rasa wurin zama.

A nan ina tare da masu shakka. Hujjar da masanin falsafa Richard Dawid ya kawo, cewa rashin samun wata madogara da ta fi ta wata alama ce ta gaskiyarta, ba ta gamsar da ni ba. A ƙarni na sha tara Lord Kelvin ya yi zaton zarra ƙulle-ƙulle ce a cikin wani sinadari da ya cika sarari. Zaton ya mutu, amma ya bar wa masana lissafi ilimin ƙulli, wanda ke raye har yau. Amfanar da lissafi dabam, zama gaskiyar halitta dabam.

Abin da ke ba ni fata daga cikin gidan yake fitowa. A 2018 Vafa da abokansa suka kawo zaton cewa nazariyyar tsirkiya ba za ta lamunci ɓoyayyen ƙarfin da ke hanzarta faɗaɗar sararin samaniya ya tsaya cak ba, dole ya riƙa sauyawa. Wasu 'yan'uwansu masu tsirkiya sun musa, amma aƙalla magana ce da na'ura za ta iya ƙaryatawa. A 2024 da 2025, masu aiki da na'urar DESI a tsaunin Kitt Peak na jihar Arizona sun ba da rahoton alamun cewa ƙarfin yana iya raguwa. Alamun ba su kai matsayin tabbaci ba, kuma ko sun tabbata ba za su isa su zama shaidar tsirkiya ba. Na'urar dai tana ci gaba da auna nisan miliyoyin gungun taurari.