Tayar kat-kat: manyan haƙora ba su ne ƙarfi ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Dakwaro ko ta Tanut da jijjifi ya ga yadda ake loda motocin Hilux da Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya: buhunan hatsi a ƙasa, jarkokin ruwa a gefe, awaki a ɗaure, mutane kuma bisa kaya ƙafafunsu na reto. Dukan wannan nauyi tayoyi huɗu ke ɗauke da shi. Amma in lokacin sauya su ya yi, sau da yawa mai mota yakan zaɓi wadda ta fi manyan haƙora, ya ce ita ce mai ƙarfi.

A nan kuskure yake somawa. Taya mai manyan haƙora don taɓo aka ƙera ta. In ta shiga rairayi irin na hanyar Bilma, sai ta riƙa haƙa rami har mota ta zauna bisa cikinta; a kan kwalta kuwa ga ƙugi, ga shan mai, ga saurin cinyewa. Ita ma tayar birni ba ta jimre ƙayar aduwa da tsakuwar jar hanya. Tsakaninsu akwai mai alamar A/T, wato ta kowace irin hanya, wadda kamfanin BFGoodrich na Amurka ya yi fice da ita tun 1976. Ita ce ta dace da direban da ke bin kwalta daga Maraɗi zuwa Damagaram, sa'an nan ya ratse daji zuwa kasuwannin ƙauye.

Sai dai alamar A/T ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da mai saye yake bukatar sani yana rubuce a gefen taya, ko da yake kaɗan ne ke sunkuyawa su karanta. Bayan lambar girma, kamar 7.50R16 ko 265/70R16, akwai wata lamba mai nuna nauyin da taya ɗaya take iya ɗauka: 112 na nufin kilo 1120, 121 kuwa kilo 1450. Haruffan LT ko C shaida ce cewa ta motar ɗaukar kaya ce, mai kaurin gefe. Wadda ba ta da su, ko da girmansu ɗaya, ta motar yawo ce, kuma ita ce ke fashewa da tsakar rana in lodi da zafin kwalta suka haɗu mata.

Batun shekaru ya fi wannan tsanani. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairun 1994, sabuwar taya ta fi ƙarfin mutane da dama, sai suka koma ga tsofaffin da ake jibgowa daga Turai. A cikinsu akwai masu kyau, akwai kuma waɗanda haƙoransu ke nan daram alhali robar ta riga ta bushe. Daga shekara ta 2000, lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT su ke faɗin ranar haihuwar taya: 2319, alal misali, sati na 23 ne na 2019. Masu ƙera taya da kansu suna cewa wadda ta kai shekara 10 a ajiye ta, kome kyawun fuskarta. Wadda ke da zanen dutse da ƙanƙara, kuma haƙoranta cike da ƙananan tsagogi, ta hunturun Turai ce. Robarta mai taushi ba ta daɗewa a zafin bazarar Tawa.

Saura iska. Direbobin Agadas sun daɗe da sanin cewa in an shiga yashi ana rage ta, don taya ta baje ta hau bisa rairayi. Abin da ake mantawa shi ne a mayar da ita da zarar an taka ƙasa mai tauri, domin taya mai ƙarancin iska da nauyi a kanta takan yi zafi daga ciki har zarenta ya saki. Saboda haka ne tsofaffin direbobi ba sa barin gari sai da famfo, da ma'aunin iska, da tayar safaya biyu masu girma ɗaya da na ƙasa.