Wa'adin Lasisi da Haƙƙin Namun Daji, Daga Fulorida Zuwa Termit

Tun daga watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa ƙasarmu Nijar, har mai ƙanƙara da mai walda da mai injin niƙa a Matamaye suka ji a jikinsu wata da watanni, maganar samun wuta ta kanmu ta daina zama zancen ƴan boko kaɗai, ta shigo majalisar dattawa a ƙofar gida. Saboda haka da labari ya zo a ƙarshen watan Yuli na 2025 cewa hukumomin Yamai sun sa hannu da kamfanin Rosatom na ƙasar Rasha a kan yarjejeniyar fahimtar juna game da makamashin nukiliya, har da batun gina tashar lantarki, mutane da yawa suka ce ai an ma makara, tun da yake ƙasar da ake haƙar yuraniyom a cikinta tun 1971 bai kamata a ce tana kwana cikin duhu ba, alhali fitilun Faransa suna ci da abin da aka tono a Arlit. Hujja ce mai ƙarfi, ba ni kuwa da niyyar rushe ta. Abin da nake so a duba wani ɓangare ne na mas'alar da ba a cika tayar da shi ba, wato takardar izinin da hukuma ke ba irin wannan tasha, da wa'adin da ake yanka mata, da kuma abin da ake tambayar mai ita ranar da wa'adin ya cika.

Tashar nukiliya, duk da kwarjinin sunanta, aikinta dafa ruwa ne. Yuraniyom yana ba da zafi, zafin ya mai da ruwa tururi, tururin ya juya injin da ke haifar da lantarki. To amma wajen kashi biyu cikin uku na zafin nan ba ya zama wuta, ala tilas a zubar da shi, shi ya sa kusan duk inda ka ga irin wannan tasha za ka tarar da ita a bakin teku ko kogi ko tabki. Babbar tasha mai ɗibar ruwa kai tsaye takan zuƙi tan 40 ko fiye a kowane sakan ɗaya. Ruwan kuwa ba shi kaɗai yake shiga ba: manyan kifaye da kunkuran ruwa sukan manne a jikin ragar da ke bakin bututu har su galabaita, ƙwai da ƴaƴan kifi su wuce ta cikin ragar su mutu a hanya, sa'an nan ruwan ya komo kogi da ɗumi, ya canja wa halittun wurin yanayin da Allah Ya halicce su a ciki. Wannan ɓarna ce ta yau da kullum, ba ta jiran haɗari, kuma galibi ita ce malaman halittu suke bibiya, ko da yake jama'a sun fi tsoron tiriri mai guba.

A Amurka, inda tashoshin nan suka fi yawa, hukumar da ke kula da al'amarin nukiliya ba ta ba da lasisi na har abada. Shekara 40 take yankawa, in sun cika mai tasha ya nemi ƙarin 20, kamar yadda aka fara yi wa tashar Calvert Cliffs a shekarar 2000. Ana iya kwatanta shi da aron gona, wanda in wa'adi ya zo mai gona yakan taka da ƙafarsa ya ga ko an sare masa gawo, kafin ya ce a ci gaba. A kan wannan tsari kuma akwai wata doka ta 1973 mai kare halittun da ake tsoron ƙarewarsu, wadda ta wajabta wa kowace hukumar gwamnatin tarayya, kafin ta ba da izinin wani aiki, ta shawarci ma'aikatar kifi da namun daji ko ta halittun teku, domin a tabbata aikin ba zai jefa wani jinsi cikin halaka ba. Sai a zana sunayen halittun da ke kewayen tashar, a auna abin da ta yi musu a shekarun da suka wuce, ma'aikatar ta rubuta hukuncinta. Abin da ya fi burge ni cikin hukuncin nan shi ne adadi: ana rubuta yawan kunkuru ko kifin da aka yarda tasha ta kama ko ta kashe bisa kuskure a shekara, in ta ƙetare wannan haddi sai a sake zama.

Misali mafi shahara shi ne tashar Turkey Point da ke kudancin jihar Fulorida, wadda injinanta biyu suka fara aiki a 1972 da 1973. Domin sanyaya ruwanta aka haƙa magudanai masu tsawon kilomita wajen 270, an jera su kusa da juna, an tara ƙasar da aka haƙo ta zama tuddai a tsakaninsu. A zamanin nan kadan bakin teku na Amurka ya kusa ƙarewa a Fulorida, bai kai 300 ba lokacin da aka sa shi cikin dokar kariya a 1975. Ikon Allah, sai kadojin suka ga tuddan nan sun dace da binne ƙwai, ga shi kuma an killace wurin ba mai shiga, suka mai da shi gida tun ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin mai tashar ya ɗauki malaman halittu aiki. In lokacin ƙyanƙyasa ya yi, sai su shiga jirgin fadama da dare da fitila a goshi, suna neman jan ƙyallin idon ƴaƴan kada a gefen ruwa, su kamo su da hannu, kowane bai wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, su auna tsawonsa da nauyinsa, su sa masa alama, su kai shi inda ruwa bai cika gishiri ba. A 2007 yawan kadojin jihar ya kai wajen 2,000, aka sassauta matsayinsu a dokar.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi haka. Wajen 2014 ruwan magudanan ya yi zafi da gishiri fiye da kima, a shekarar da ta biyo sheƙoƙin kadoji suka ragu ƙwarai, kuma dalilin da ya sa aka gane haka nan da nan shi ne ana ƙidaya su kowace shekara. A watan Disamba na 2019 tashar ta zama ta farko da aka ba izinin kaiwa shekara 80, amma a Fabrairun 2022 hukumar nukiliya ta dawo ta ce binciken muhallin da aka yi bai wadatar ba, a sake, sai a 2024 aka tabbatar mata da ƙarin. Gaskiya ne kusan kullum lasisi yakan samu a ƙarshe, kamfani ba ya cika yin asara, kuma masu sukar tsarin suna da abin faɗa. Amma dai akwai rana ayyananniya da dole a tsaya a yi hisabi, a kira sunan dabbar da ba ta da baki, a karanta adadinta.

Mu ba mu da tashar nukiliya tukuna, sai dai mun riga mun ga yadda takardar izinin makamashi take karo da ran dabba, a cikin jiharmu ta Damagaram kuwa. Can arewa maso gabas, bayan Gure, a ƙasar Tesker, akwai duwatsun Termit, gabas da su kuma rairayin Tin Tumma. Nan ne babbar mafakar da ta rage wa adaks na daji, wato wani farin naman daji ɗan'uwan mariri, mai murɗaɗɗen ƙaho da tuƙƙun baƙin gashi a goshi. Kofatonsa faffaɗa ne don kada ya nutse cikin rairayi, yana iya yin watanni bai sa baki a ruwa ba, laimar ciyawa da gunar daji ta ishe shi, gashinsa ya yi fari fat da bazara, ya yi toka-toka da hunturu. Rauninsa ɗaya ne, ba ya gudu mai nisa. Mafarauci a kan raƙumi sai ya sha wahala kafin ya cim masa, amma mota mai ƙafa huɗu in ta bi shi na ɗan lokaci cikin rana, sai ya tsaya yana haki, wani lokaci ya faɗi ya mutu tun ba a harbe shi ba. A duwatsun kuma akwai ɗaya daga cikin garkunan ƙarshe na mena, barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa ta ari sunanta.

A 2008 gwamnati ta ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin izinin haƙar man fetur a Agadem. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, wadda bututu mai tsawon kilomita 460 da ɗoriya yake kawo wa ɗanyen mai. Gas ɗin da matanmu ke girki da shi a Matamaye da Kance daga can yake. A watan Maris na 2012 kuma gwamnatin ta ayyana Termit da Tin Tumma gandun daji na ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 97,000, ya zama cikin mafi girma a Afirka, alhali wani babban yanki nasa yana kan filin da aka riga aka ba masu mai. Ƙasa ɗaya ke nan aka bayar sau biyu. A 2010 an ƙiyasta adaks ɗin wurin sun kai 200. A watan Maris na 2016 aka fita ƙidaya ta sama da ta ƙasa, jirgi ya yi ta shawagi bai ga ko ɗaya ba, masu mota suka yi ta bin sawu, suka tarar da guda 3 rak, a firgice. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora alhakin a kan hayaniyar aikin man da kuma farautar da sojojin da ke gadinsa suke yi, ko da yake dokar ƙasa ta haramta taɓa wannan dabba.

Da rikicin ya kai ga hukunci, a watan Yuni na 2019, ƙasa da shekara ɗaya bayan an danƙa wa ƙungiyar Noé ta Faransa amanar kula da gandun na shekara 20, majalisar ministoci ta zauna ta matsar da iyaka. Aka cire kusan rabin gandun, wato gabashinsa inda rijiyoyin mai suke, inda kuma adaks yake kiwo, aka musanya da wani fili a yamma domin lissafin faɗi ya daidaita a takarda. An sake gyara iyakar a 2021 bayan ƙorafi ya yi yawa, faɗin ya koma 86,000 da ƴan kai. Ba na cewa a bar mai a ƙasa saboda dabba. Talaucinmu ba abin wasa ba ne, kuma takardar masu mai ta riga ta gandu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sharaɗi mai haƙori a jikin izinin, wanda zai ce ga hanyoyin da mota za ta bi, ga hukuncin wanda aka kama da nama, ga adadin da in an faɗo ƙasa da shi sai a tsaya a sake zama.

Malamanmu ba baƙi ba ne ga wannan babi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe hurumin Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe na Rabaza, fuƙaha'un Malikiyya suka shar'anta wa shugaba yin haka in akwai bukata ta maslahar jama'a, muddin bai ƙuntata wa mutane ba. Abin lura shi ne umarnin da Umar ya ba mai tsaron hurumin, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa: ya bar mai ƴan raƙuma da mai ƴan tumaki su shiga, ya tsare garkunan attajirai, domin su suna da abin komawa. A Termit makiyayan Tubawa da Larabawa da Buzaye sun zauna da adaks ƙarni da ƙarnoni bai ƙare ba, mai ƙarfin da ya zo daga baya shi aka buɗe wa ƙofa. Mu nan mun san abin da talaka ke iya yi in ya ɗauki abu nasa ne, domin gawon da ya sake rufe gonakin Matamaye da Magarya da Mirya daga tsakiyar shekarun 1980, a fili mai kusan eka miliyan biyu da rabi, manoma ne suka raine shi da wuƙar sassabe.

Hukumarmu ta nuna tana iya karɓe takarda in ta ga dama: a watan Yuni na 2024 ta janye izinin haƙar yuraniyom a Imuraren daga hannun kamfanin Orano saboda jinkirin fara aiki, shekara guda bayan haka ta mai da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr mallakar ƙasa. Ikon da ya iya wannan zai iya rubuta sharaɗin dabba, kuma akwai tushe a dokar farauta da kare namun daji ta 1998 da dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 2018. Duk inda aka kafa tashar nukiliya a Nijar sai ta sha ruwa, babban ruwanmu kuwa kogin Isa ne, inda dorina take a wajen Ayoru, inda kuma ayu yake ɓuya a ƙasan Yamai har zuwa Gaya, shi da ba ya haihuwa sai ɗa ɗaya bayan shekara biyu ko uku. Kafin a aza tubali ya kamata a fara ƙidayarsu tare da Sarkawa masunta, waɗanda suka san kowane gurbi, a yanka wa lasisin wa'adi, a kuma rubuta cewa hukumar da za ta yi hisabin ba ita ce mai sayar da wutar ba.

Maƙwabtanmu na Cadi sun ga kuɗin da sakaci ke ci. Mariri, wanda aka ayyana ya ƙare a daji a shekarar 2000, sai da aka ɗauko jikokinsa a jirgin sama daga Abu Dabi tun 2016, aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, kowane da na'urar bibiya a wuya, daga baya aka bi da adaks ta wannan hanya. A watan Disamba na 2023 aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji, bayan ɗaruruwa sun haihu a can.