Amarya Ba Ta Laifi: Abin Da Aka Fara Faɗa Kan iPhone 17 Pro

Sabuwar waya kamar amarya take. Ranar da aka kawo ta kowa guɗa yake yi, ana ta yabon kyau da tsari, babu mai ganin aibunta. Sai an kwana biyu, ƙanshin turare ya lafa, sannan ake sanin ko ta iya girki. To haka abin ya kasance da kamfanin Apple na ƙasar Amurka ya nuna wa duniya iPhone 17 Pro da babbar yayarta 17 Pro Max ranar 9 ga Satumba 2025, aka fara sayar da su ranar 19 ga watan. Kafin ki tayar wa Baba hankali, ko ki ce da saurayinki in ba ita ba sai rijiya, zo mu zauna ki ji abin da waɗanda suka fara riƙe ta suka gani.

Su wa ke fara yabon?

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne yadda ake samun ra'ayoyin farko. Manyan kamfanonin waya sukan ba wa zaɓaɓɓun 'yan jarida da masu bidiyo a YouTube, irin su Marques Brownlee, aron wayar tun kafin ta shiga kasuwa, da sharaɗin ba za su ce uffan ba sai ranar da aka tsayar. Galibi kwanakin da suke yi da ita ba su fi mako guda ba. A cikin mako guda mutum zai iya gane kyan hoto da saurin waya, amma ina zai san yadda batir zai koma bayan shekara? Kuma da yawansu a Amurka da Turai suke, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai abin da suka gani ɗan kaɗan ne, kuma a garinsu suka gan shi.

Abin da aka yaba

Abu na farko da kusan bakin kowa ya zo ɗaya a kai shi ne batir. Apple ya ce 17 Pro Max irin ta Amurka za ta iya kunna bidiyo har na awa 39 kafin ta mutu, masu gwaji kuma suka shaida cewa tana wuce yini guda cikin sauƙi. Da caja mai ƙarfin wat 40 takan kai rabi cikin kamar minti 20. Amma ki lura, kan cajar ba ya cikin kwali, igiya kawai za ki tarar. Tun shekarar 2020 Apple ya daina haɗawa da shi.

Na biyu shi ne zafi. iPhone 15 Pro da 16 Pro an yi jikinsu da ƙarfen taitaniyom, wanda ba ya sakin zafi da wuri. A 17 Pro sai aka koma alminiyom, aka kuma saka wani siririn akwati a rufe ruf mai ɗauke da ɗigon ruwa a ciki. Idan ƙwaƙwalwar wayar ta ɗau zafi sai ruwan ya zama tururi, ya kwashe zafin ya watsa shi a jikin wayar, ya huce ya dawo ruwa. Masu gwaji sun ce lallai an samu sauƙi. Wannan batu ya shafe mu, domin Apple da kansa ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin watan Afrilu yakan haura 40.

Na uku, wanda na san shi kike jira, kyamara. Guda uku ne a baya, kowacce megafiksel 48, kuma tana janyo abu mai nisa har ninki 8 ba tare da hoton ya dagule ba. Ta gaba kuwa, ta ɗaukar kanki, megafiksel 18 ce, kuma tana da wata dabara: kina riƙe da wayar a tsaye za ki iya ɗaukar hoto a kwance, in ƙawaye suka shigo sai ta buɗe da kanta ta kwashe kowa. Ranar kamu ko ranar kammala makaranta babu wadda za a yanke wa rabin fuska.

Inda aka fara gunaguni

Ba a ko kwana ba da fara sayar da ita sai hotuna suka cika intanet. Kamfanin labarai na Bloomberg ya ruwaito cewa wayoyin da aka jera don kallo a shagunan Apple, musamman masu launin shuɗi mai duhu, sun riga sun yi tabo a bayansu. Apple ya amsa da cewa wai ba ƙarcewa ba ce, tsofaffin maɗoran da ake jingina wayoyin ne suka bar musu shaida, kuma ana iya gogewa. Sai dai wani mai gwajin ƙarkon waya a YouTube, Zack Nelson, ya nuna cewa gefen tudun kyamarar yana da kaifi, fenti ba ya kama shi sosai, don haka makulli ko tsabar kuɗi na iya ɓare shi. Ke da kike jefa waya cikin jaka tare da makulli da madubi da sarƙa, kin ga dole sai da riga.

Akwai masu cewa ta yi nauyi, domin Pro Max ta haura giram 230. Akwai waɗanda tudun kyamarar, da ya mamaye saman bayan wayar daga gefe zuwa gefe, bai yi musu kyau ba. Launi kuma uku ne kacal: ruwan azurfa, shuɗi mai duhu da ruwan lemo. Babu baƙa sam. Ruwan lemon nan shi ya raba kan jama'a, wasu suka ce ya yi, wasu suka ce ya cika ihu.

Abin mamaki, da yawa daga masu sharhin ƙaramar suka fi nuna wa mutane, wato iPhone 17 zalla mai dala 799. A karon farko an ba ta fuska mai santsin motsi irin ta manyan, ma'ajiyarta ta fara daga gigabait 256, kuma kyamarar gabanta iri ɗaya ce da ta Pro. Ita kuwa iPhone Air, siririyar nan mai kaurin milimita 5.6, kowa ya yaba kyanta a hannu, amma aka ce kyamararta ta baya ɗaya ce tak, batirinta kuma bai kai na sauran ba.

Me ya faru a baya?

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A watan Agusta 2016 kamfanin Samsung ya fito da Galaxy Note 7, masu sharhi suka yi ta zuba mata yabo, wasu har suka sa ta a gaban duk wayoyin shekarar. Mako biyu da fara sayarwa, ranar 2 ga Satumba, kamfanin ya nemi a dawo masa da kimanin guda miliyan 2.5 saboda batirin yana kamawa da wuta. Waɗanda aka musanya wa mutane su ma suka ci gaba da ƙonewa. A watan Oktoba aka daina ƙera ta ɗungurungum, Amurka kuma ta hana shiga jirgin sama da ita.

Shi ma Apple yana da nasa. A 2010 iPhone 4 takan rasa sabis in aka riƙe ta ta wani gefe, har sai da kamfanin ya raba riguna kyauta. A 2014 aka yi ta kukan iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihu. A 2023 masu iPhone 15 Pro suka koka da zafi, sai da aka turo gyaran manhaja. Yawancin waɗannan sai da wayoyin suka shiga hannun dubban mutane sannan suka fito fili. Wadda ta jira wata biyu ko uku ba ta rasa komai ba, ta bar wasu sun ɗanɗana mata miyar.

Mu yi lissafi

Da aka fito da su, 17 Pro dala 1,099 ce, Pro Max kuma ta fara daga dala 1,199. A lokacin dala ɗaya tana wajen naira 1,500, kin ga Pro Max ta doshi naira miliyan 1.8 tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Nijeriya ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na fiye da shekara biyu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya riƙe ta.

To 'yar uwa, idan saurayinki ɗalibi ne ko ƙaramin ma'aikaci, kika kafa masa ƙahon zuƙa sai ya sa ta a lefe, ina kike so ya samo? Ko dai ya ci bashin da ke za ki zauna cikinsa bayan biki, ko ya gudu ya bar ki. Wanda kuma ya miƙo miki ita haka kawai, ba dangin iya ba na baba, ba maganar aure, ki tsaya ki tambayi kanki me yake so a biya shi da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ke kuma ɗaliba, waya mai tsada a hannu takan jawo idon masu ƙwace, ga tunanin kada ta faɗi ya hana ki sakewa.

In kin tashi saye

Wadda take da halinta ta saya, babu laifi, sai dai a buɗe ido. Apple ba shi da shago nasa na kansa a Nijeriya, dillalai ne ke kawowa. A 2025 an yi ta ce-ce-ku-ce kan tsohuwar iPhone XR ta shekarar 2018 da ake canza wa jiki a mayar da ita kamar 17 Pro. Daga nesa ba za ki bambance ba. Don haka ko a Farm Centre ta Kano ne, ko ina ne, kada ki biya sai kin kunna. Ki shiga Settings, ki taɓa General, sannan About, nan za ki ga ainihin sunan wayar. Ki buɗe kyamara ki gwada kowacce, domin XR kyamara ɗaya gare ta a baya, sauran idanun ado ne kawai. Ki danna *#06# ki gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali.

In ta hannu ce, ki tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud, in ba haka ba wata rana za ta kulle ki rasa yadda za ki yi. Ki duba lafiyar batir. Ki kuma tambaya daga wace ƙasa aka kawo ta, saboda tun daga iPhone 14 waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin saka layi, sai eSIM, wato layin da kamfanin sadarwa ke ɗora miki a cikin wayar. MTN da Airtel suna yi, amma gara ki sani tun kafin ki isa gida. Ki karɓi rasiti mai ɗauke da lambar wayar, kuma ki tafi da yayanki ko wani wanda ya san kan abin.

Sannan ki tuna, tun shekaru da dama kusan kowace kaka Apple yake fito da sabuwa. Wadda ake yi wa guɗa yau, baɗi uwargida ce, farashinta kuma ya sauko. In wadda ke hannunki tana kira, tana ɗaukar hoto, tana buɗe miki darasi da WhatsApp, ki riƙe abarki da daraja har ki samu ta halaliyarki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.