Santsin Cikin Jarka: Abin da Alƙaluma Ke Nunawa

Ƙidayar 2006 ta samu mutum kusan 375,000 a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, kuma a yawancin gidajen nan ruwan sha sai ya kwana a randa ko jarka bayan an ɗebo shi daga rijiya ko burtsatse. Santsin da hannu ke ji a bangon mazubin yana da nasa lissafi.

'Yan mintoci bayan zuba ruwa, furotin da sukari da burbushin ruɓaɓɓen ganye da suka narke a ciki sukan fara mannewa a bango. Da nanomita ake auna kaurin wannan shimfiɗa, wato milimita ɗaya a raba ta gida miliyan. A kanta bakteriya ke samun wurin zama da abinci, sai su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu. In aka busar da santsin, galibi ƙwayoyin ba sa kai kashi 10 cikin 100. Sama da 90 yauƙi ne. A bututun famfo kuwa, masana sun ƙiyasta kashi 95 na bakteriya suna manne a bango, 5 kacal ke yawo a ruwa. Ke nan ruwa ya yi garau, mazubi na ɗauke da cuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a samu aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita bayan minti 30 da zubawa. Amma yauƙin kan cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin. Binciken LeChevallier da abokan aikinsa a Amurka a 1988 ya nuna juriyarsu a cikinsa na ninkuwa sau 150 zuwa sama da 3,000.

Jarka ce ta fi damuna. Mai lita 25 tana da bango kusan rabin murabba'in mita, tankin lita 1,000 kuma wajen murabba'in mita 6, don haka kowace lita a jarka tana gogar bango wajen ninki uku na wadda ke tanki. Ga ƙaramin baki, hannu ba ya shiga, saɓanin randa da ake cuɗawa da soso.

'Yan ga-ruwa da iyaye mata, a zuba tsakuwa mai tsabta da sabulu a girgiza jarka sosai, a ɗauraye, sannan a sa maganin ruwa.