Majalisar Dattawan Benin ba irin ta Najeriya ba ce

Daga kundin tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 har zuwa 2025, majalisa ɗaya tilo ce ta riƙa yi wa Jamhuriyar Benin dokoki, wato Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ke Porto-Novo. A watan Nuwamban 2025 'yan majalisar suka yi wa kundin gyara da ƙuri'u 90, yayin da 19 suka ƙi, aka ƙirƙiro Majalisar Dattawa, aka kuma mayar da wa'adin shugaban ƙasa da na 'yan majalisa shekara bakwai.

Hausawan Malanville da ke fatauci zuwa jihar Kebbi sun saba jin labarin sanatocin Najeriya a rediyo, don haka mutum kan ɗauka duk kanwar ja ce. Sai dai tsarin biyu sun sha bamban.

A Najeriya jama'a ne ke zaɓen majalisun biyu: sanatoci 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, sai 'yan Majalisar Wakilai 360. Ƙudiri ba ya zama doka sai duka biyun sun amince da rubutu iri ɗaya. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu, idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya tabbatar da dokar. Jihohi kuwa, kamar Kebbi da Sakkwato, majalisa ɗaya kowace take da ita.

A Benin, Majalisar Dokoki ce kaɗai jama'a ke zaɓa. Kujerunta 109 ne, an ware wa mata 24, ɗaya a kowace mazaɓa. Malanville tana mazaɓa ta farko tare da Kandi da Karimama. Shugaban ƙasa ko ɗan majalisa ne ke gabatar da ƙudiri, kwamiti ya tantance shi, sannan a yi muhawara a zauren majalisa a kaɗa ƙuri'a.

Dattawan kuwa ba zaɓensu ake yi ba. Wasu suna shiga ne saboda muƙamin da suka taɓa riƙewa, kamar tsofaffin shugabannin ƙasa da na majalisa da na Kotun Tsarin Mulki, sauran kuma naɗa su ake yi. Aikinsu sa ido ne: suna iya neman a sake nazarin dokar da aka zartar, kuma dole dokokin zaɓe da na jam'iyyu su bi ta hannunsu kafin shugaban ƙasa ya sa hannu. Masu goyon bayan tsarin na cewa zai kawo kwanciyar hankali, 'yan adawa na ganin an ba waɗanda ba a zaɓa ba iko fiye da kima.

Ga ɗan kasuwar Malanville, abin lura shi ne dokar kasafin kuɗi, wadda ke tsara haraji da kuɗin kwastan, ba ta cikin waɗanda dattawa ke iya mayarwa. Mai ƙorafi kan haraji, ƙofar 'yan majalisar mazaɓarsa zai ƙwanƙwasa. Wanda kuma yake ganin wata doka ta saɓa wa kundin tsarin mulki, yana da damar kai kukansa kai tsaye gaban Kotun Tsarin Mulki da ke Kwatano.